Maganar da Kawu Bai Dawo Ya Karɓa Ba

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawu dai ya riga mu. Yayan Inna ne, ciki ɗaya, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uban gidanmu. A Batsari muka kai shi makwancinsa, domin ƙauyenmu yanzu babu mai kwana a cikinsa, balle a je a haƙa kabari.

Tabarmin zaman makoki aro muka yi daga masallacin unguwa, aka shimfiɗa su a ƙofar gidan da muke fake tun da muka baro gida. Mutane sun zo daga Karare, daga Zakka, daga Safana, wasu a bayan a-kori-kura, wasu sun yi goyo a kan babur. Abin da na lura da shi, kusan duk wanda ya shafa addu'a sai ya ɗan murmusa kafin ya tashi. Wani mahauci, abokinsa tun suna samari, ya dafa gwiwata ya ce, "Kawunka ya yi mani ƙarya ta fi a ƙirga, amma wallahi bai taɓa barina da ita ba. Ko ya mai da ita gaskiya, ko ya dawo ya ɗauki abarsa." Aka yi dariya, shi kuma ya rufe fuska da hannun riga. Daga cikin gida aka ce wata tsohuwa tana ta maimaita tambaya ɗaya: yanzu wa zai riƙa ce mana an gama?

Ni kuwa ina zaune ina amsa gaisuwa. Mahaucin bai san akwai guda ɗaya da Kawu bai dawo ya ɗauka ba, kuma a hannun Inna take. Ya gaya mata cewa ɗanta na fari, Yayana, wanda mutanen daji suka ɗauke a gona, yana nan da rai. Yaya kuwa ya rasu tun tsakiyar damina. A duk gidan nan ni kaɗai na sani.

Sai na fara gaya muku ko wane ne Kawu, in ba haka ba za ku zage shi, kuma ba zan yarda ba.

Manomi ne, gero da gyaɗa, amma aikin da aka san shi da shi ba shi da suna. Shi ne wanda ake zuwa wurinsa idan abu ya tsaya. Matarka ta yi yaji surukai sun ɗaure fuska, Kawu. Kana neman aron shanun huɗa ga shuka na wucewa, Kawu. Naƙuda ta zo babu mota, Kawu. Kafin ka rufe baki zai ce, "An gama. Je ka ci tuwonka." Kana miƙewa za ka ji ya tayar da babur.

Tun ina saurayi wannan ɗabi'a take ba ni haushi, don ni Allah ya yi ni da saurin baki. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ko zuwa ba ka yi ba."

Ya ce, "Zan je. Amma shi ya fara cin tuwo tun yanzu. Mi za ya ƙaru da shi in ya zauna da yunwa yana jirana?"

Mafi yawan lokaci kuwa abin na yiwuwa, don mutane suna jin nauyinsa. Ranar da bai yiwu ba, yana da tsarinsa da ba ya sakewa. Da an fito sallar asuba, kafin mutum ya ɗauki fartanya, sai ya ga Kawu tsugune a ƙofar zaurensa, hula a hannu. "Maganar jiya na zo karɓa. Ban iya ba." Bai taɓa aika wani ba, bai taɓa jira a haɗu a kasuwa ba. Na ga ranar da wani maƙwabcinmu, wanda bikon matarsa ya ƙi, ya zazzage masa baƙaƙen maganganu a gaban jama'a. Kawu yana tsugune har mutumin ya gaji. Sannan ya mayar da hularsa ya ce, "To, a sammani ruwa, na sha rana jiya saboda kai."

Ni aikina a Katsina yake, a wani ɗan kamfani da muke rubuta manhajoji masu aiki a shafin intanet. Shekarun baya, lokacin da ana iya noma a yankinmu ba tare da mutum ya yi sallama da iyalinsa kamar mai tafiya yaƙi ba, ƙungiyar manoma ta sayi injin sussuka. Injin ɗaya, manoma rututu, kullum faɗa a kan wa ke gaba. Sai suka roƙe mu mu yi musu shafin da kowa zai shiga da wayarsa ya zaɓi ranarsa.

Kowa ya san halin sabis a wajenmu: sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Idan mutum ya danna rana, saƙon sai ya tafi babbar kwamfutar da ke riƙe da komai, ita ta duba ko wani bai riga shi ba, sannan ta maido da amsa. Idan aka bar manomi yana kallon wani ɗan zobe yana juyawa yana jiran amsar nan, zai ɗauka abin ya lalace, ya yi ta dannawa, ko ya jefa wayar a aljihu ya zage mu. Don haka akwai dabarar da masu irin aikinmu ke yi, mu a ofis muna ce mata kyautata zato. Da ka danna, nan take alama kore za ta fito, an kama maka ranar, alhali saƙon yana hanya. Shafin yana ajiye yadda abubuwa suke kafin ka danna. In amsa ta zo da eh, shi ke nan, ba ka ma san an yi ba. In ta zo da a'a, sai shafin ya koma yadda yake a da.

Ranar da na yi wa Kawu wannan bayani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe ni kuka sa cikin waya, ko goro ba ku ba ni ba."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya danna ranar Talata, ya ga kore, ya sa waya a aljihu. Talata ta zo, ya loda dammunan geronsa a amalanke ya kai masussuka, ya ishe geron wani a bakin injin. Wancan ya riga shi, amsa ta zo da a'a, alamar ta ɓace shiru kamar ba a taɓa yin ta ba. Da na zo gida ranar Juma'a na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce "Lahiya," ya tsaya nan. Kawu da gaisuwarsa ke kaiwa har kan awakin gidanka.

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, amma ai kai ma haka kake yi."

Ya ce, "Kul. Ban ce don mi ta ce an gama ba. Cewa na yi don mi ta ɗauke maganarta ba sallama. Ɓarawo ke haka."

"Da ka sake duba wayar ai da ka gani."

"Ni zan bi ta? Ita ta yi mani alkawari."

Muka yi ta yi, har Inna ta leƙo daga madafa ta ce tuwo na hucewa, wanda ya ci gardama sai ya ci shi da sanyi. Na koma Katsina na gyara. Daga ranar, idan amsa ta zo da a'a, rubutu ke fitowa ɓaro-ɓaro, yi haƙuri, ranar da ka zaɓa ba ta samu ba, kuma ba ya gushewa sai mutum ya taɓa shi da yatsansa. Na nuna masa ina jiran yabo. Ya duba ya ce, "Saura ta cire hula."

Amma ni ma ban bar shi ya ci bulus ba. Na ce masa dabarar nan tana da iyaka, kuma shi ba ya kiyaye ta. Ba a yin ta sai a kan abin da in ya ɓaci ana iya mayar da shi. Ranar sussuka, eh. Amma sakamakon gwajin jini, ko wani abin da ya shafi rai, ko za a shekara ana jira ba a nuna kore sai amsa ta zo. Sannan muna sa wa jira wa'adi: in lokaci ya wuce ba a ji eh ba, ba a ji a'a ba, to a ɗauka bai yiwu ba, a gaya wa mutum.

Ya ce, "Wa'adi na Allah ne."

Na ce, "Kawu, wata rana za ka faɗi wadda ba ta karɓuwa."

Ya ce, "Ran nan sai ka taya ni karɓowa, tunda kai ne malamin." Muka yi dariya mu duka, don a lokacin babu wanda ya ɗauki maganar da nauyi.

Daminar bana Yaya ya ce ba zai ƙara zama a Batsari yana awon hatsi a kasuwa ba, ga gonar ubansa can tana zama daji. Akwai masu zuwa ƙauyen da hantsi su yi aiki su baro kafin la'asar, sai ya bi su. A bakin shuka aka ɗauke shi, shi da wasu.

Inna tsohuwar hannu ce. Ɗan fari a wurinta ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Tun da nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Da ya yi aure sai ya koma "mijin yarinyar nan". Ranar da labari ya zo mata suna kuka, ita tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba. Amma daga ranar akushinta yadda aka kai shi haka ake ɗauko shi. Ta fara ramewa a idonmu, kuma kunya ta hana ta tambayi kowa.

Kawu ya san ƙanwarsa. Shi ne ya karɓi wayar da mutanen dajin ke kira. Da safe zai shigo, ta kawo masa ruwa, sai ya juya yana magana da akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, da ƙarfi yadda za ta ji: "Na yi magana da mutanen nan. Yaron na nan lahiya, ya ce a gaida gida."

Inna ta ce, "Wa ya tambaye ka?" Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe akushi.

Da farko gaskiya yake faɗa, yana jin muryar Yaya da kunnensa. An sayar da abin da za a iya sayarwa aka kai. Daga baya suka ce sai an ƙara da babur. Kawu bai shawarci kowa ba, ya hau nasa, babur ɗin da duk yankin ya san ƙararsa, ya kai inda suka ce, ya dawo a ƙafa har inda ya samu mota. Ya shigo ƙafafunsa a kumbure ya ce wa akuya, "An gama. Sun karɓa, saura su sako shi."

Daga nan wayar ta mutu. A kira, a kashe. Gero ya yi tsawo, ya fitar da kai, shiru. Kawu bai fasa shigowa da safe ba, kuma bai sake ko kalma ɗaya a gaisuwar da yake kawowa ba.

Na zo daga Katsina na ja shi bayan masallaci. Na ce, "Kawu, wa'adi ya wuce. Yaushe rabon da ka ji muryarsa?"

Ya ce, "Ka ga tana cin abinci?"

"Na gani."

"To mi kake so?"

"Matarsa fa? Jiya na ga ta wanke rigunansa ta shanya. Ɗiyarsa kullum tana bakin ƙofa."

Ya ce, "Ban ji a'a ba. Ranar da na ji a'a, da ƙafata zan je, da bakina zan faɗa."

Na ɗaga masa murya. Na ce ran mutum ba ranar sussuka ba ne, na ce ya ɗora tsohuwa a kan abin da shi kansa bai taka ba. Bai rama ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Na wuce tasha ba sallama. Mota na shirin tashi sai ga shi a ƙafa, yana haki, ya miƙo mini ƙullin gyaɗa ta taga ya ce in kai wa iyali. Har yau in na tuna hakin nan sai zuciyata ta karye.

Amsa ta zo da kaka. Ranar kasuwa a Safana Kawu ya haɗu da wani mutumin wajen Zakka da aka sako, wanda suka zauna daji ɗaya da Yaya. Mutumin ya ce zazzaɓi ne ya kama Yaya ana tsakiyar ruwa, babu magani, babu abinci. Ya ce da hannunsa aka rufe shi. Ya kwatanta tabon da ke goshinsa, babu sauran shakka.

Washegari da azahar Kawu ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Amsa ta zo." Ya gaya mini duka. Sannan ya ce, "Na je ƙofarta da safe. Na tsuguna, na cire hula. Ta kawo mani ruwa, ta tsaya tana kallon hular. Sai na ji bakina ya ce yana gaishe ki. Ɗan ƙanwata, tunda nake ban taɓa kasawa ba sai yau. Ka ba ni zuwa Juma'a."

Juma'a ta same shi a gadon asibiti, ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya karkace. Da na iso ya kama wuyan hannuna da hannun da ke motsi, ya matse, idonsa a kan ƙofar da Inna ke zaune. Bakinsa yana motsi, ba abin da ke fitowa. Na ce masa na ji. Bai ƙara kwanaki da yawa ba.

Kada a tambaye ni ko ya yi daidai, don ban sani ba. Inna ta ci abinci damina guda saboda maganarsa. Ba don maganar ba, da Inna muka fara rufewa. Matar Yaya kuma ta yi damina guda tana wanke rigunan mamaci, takabarta ma ba ta san ta hau kanta ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma na gaji da auna su. Abin da na sani shi ne Kawu ya ginu a zamanin da in ka ce an gama, akwai wanda za ka je ka roƙa, mai kunya, mai jin nauyin furfura. Wannan zamanin ya wuce mu. Shafin sussuka yana nan yana aiki, lokaci-lokaci nakan buɗe shi in ga ranaku fayau babu wanda ya zaɓa. Injin yana ajiye a wani kango, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Ban ga ranar komawa ƙauyenmu ba, kuma na daina ce wa 'ya'yana za mu koma.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa wadda ya faɗa don tausayi, ya saka masa da kowace tafiya da ya yi saboda wani.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, mutane suka fara watsewa, samarin unguwa suka fara kaɗe tabarmi za su mayar masallaci. Sai aka ce Inna na kirana. Na ishe ta zaune a bakin gado, carbi a hannu, idanunta a bushe.

Ta ce, "Wanda ke magana da mutanen nan ya tafi. Kai ne ka san kan waya. Ka san yadda za ka yi ka ba su lambarka, kada su kira su rasa kowa." Sannan ta ce kada ya ɗauka an manta da shi, kuma ta kira sunansa. Sunan Yaya, a bakin Inna, ƙarara.

Wallahi saura kaɗan in ce mata an gama. Kalmar ta zo har kan harshena, kuma a lokacin na gane abin da ya sami Kawu a ƙofar nan. Sai na tsuguna. Na cire hulata.

Na ce, "Inna, maganar Kawu na zo karɓa."

Ba ta dube ni ba, hular take kallo. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar damina. Shi ma bai daɗe da ji ba. Ya zo zai faɗa maki, ya kasa."

Ta ce, "Na ga hular." Ta ja numfashi. "Allah shi gafarta wa ɗan'uwana, ya ciyar da ni." Sannan ta ce, "Kira mani yarinyar nan. Kuma ka ce wa samarin can kada su naɗe tabarmi."

Na fito na ishe sun naɗe rabi. Muka sake shimfiɗawa.